Da Gaske Ana Yi Wa Mai Ciwon Daji Allurar Ƙwayar Cuta Don Ya Samu Sauƙi?

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda ƙarancin data ko matsalar sabis ta hana su saurara.



Yau maganar lafiya za mu yi, kuma magana ce da in ka fara jin ta za ka ce tatsuniya ce. Wai likita ya ɗauko ƙwayar cuta mai rai, dangin wadda ke kawo ƙyanda ko shan inna, ya zuƙa a sirinji, ya ɗura wa mai ciwon daji, kuma da niyyar magani. To ba tatsuniya ba ce. Ana yi, har akwai ƙasashen da hukumomin magungunansu suka sa hannu a kai.

Abin da ya sa na ɗauko batun shi ne, duk bayan 'yan watanni sai ka ga wani bidiyo yana yawo a WhatsApp da TikTok, wai an gano maganin kansa. A ƙiyasin cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya, a shekarar 2022 kaɗai kusan mutum 128,000 ne suka kamu da kansa a Najeriya, kusan 80,000 kuma suka rasu. Gidan da ke da majinyaci a kwance ba ya kallon irin wannan bidiyo don nishaɗi. A kan irinsa ake sayar da gona, a kan irinsa ake ɗauke mara lafiya daga asibiti a nufi wani wuri. Saboda haka ya kamata mu san gaskiyar inda binciken ya kai, ba ƙari ba ragi.

Mu fara daga tushe. Jikinmu an gina shi ne da wasu ƙananan tubala da ido ba ya gani, waɗanda a ajin bayoloji aka koya mana da sunan sel. Kowane sel yana da ƙa'ida: lokacin da zai rabu biyu, lokacin da zai tsaya, da lokacin da zai mutu ya ba wani wuri. Kansa tana farawa ne idan wani sel ya yi watsi da wannan ƙa'ida, ya dinga hayayyafa ba birki, har ya zama ƙari, daga nan ya bazu. Matsalar ita ce shi ɗan gida ne. Garkuwar jiki ta ƙware wajen kama baƙo, amma ɓarawon cikin gida yana da wuyar kamu, domin fuskarsa sananniya ce.

Ita kuwa bairus, wadda korona ta sa kowa ya san sunanta, ƙwayar cuta ce da ba ta iya hayayyafa da kanta. Dole sai ta shiga cikin sel, ta ƙwace kayan aikinsa, ta sa shi ya buga mata kwafi masu yawa, sau da yawa har ya fashe. Tambayar da masana suka yi ita ce: in dai aikin bairus fasa sel ne, me zai hana a tura ta ta fasa na kansa, ta ƙyale masu lafiya?

Ba a ɗakin gwaje-gwaje tunanin ya samo asali ba, a gefen gadon marasa lafiya ne. A 1904 wani likita a Amurka, George Dock, ya ba da rahoton wata mata mai kansar jini da ta samu sauƙi na ɗan lokaci bayan ta yi fama da abin da ake kyautata zaton mura mai tsanani ce. A 1971 wasu likitoci biyu, Bluming da Ziegler, suka wallafa a mujallar likitanci ta Lancet labarin wani yaro ɗan shekara 8 a Yuganda. Yana da kansar nan ta yara da ake kira Burkitt, mai kumbura muƙamuƙi ko gefen ido, wadda mu ma ana ganin ta a asibitocinmu. Yaron ya kamu da ƙyanda, sai kumburin gefen idonsa ya sace. Bayan shekara goma, a 1981, likitocin Jami'ar Ahmadu Bello su ma suka aika wa wannan mujalla rahoton wani majinyaci da wata kansar ƙululun jiki mai suna Hodgkin ta ja baya bayan ya yi ƙyanda. Kun ga ashe har da idon likitocinmu a cikin waɗanda suka lura da abin.

Amma fa ku riƙe wannan da kyau: irin wannan sauƙi ba kasafai yake faruwa ba, kuma galibi ba ya daɗewa, wata ɗaya ko biyu sai ciwon ya dawo. Ita kanta ƙyanda makashiya ce. A 2023 ta kashe mutum sama da 100,000 a duniya, yawancinsu yara 'yan ƙasa da shekara 5. Kada wani ya ji wannan ya ce ashe ƙyanda magani ce.

A shekarun 1950 likitoci a Amurka sun gwada abin kai tsaye. Sun ɗura wa masu kansa bairus yadda take a daji, ba gyara. Ɗaya daga ciki ita ce wadda ake kira ta Yammacin Nilu, wadda sauro ke yaɗawa. Ƙarin wasu kaɗan ya motse na ɗan lokaci, wasu kuma suka samu kumburin ƙwaƙwalwa. A taƙaice, in bairus ɗin na da ƙarfi sai ta cutar da mara lafiya, in ba ta da ƙarfi sai garkuwar jiki ta share ta kafin ta yi komai. Haka aka jingine maganar shekaru da dama.

Abin da ya farfaɗo da ita shi ne ilimin gyara ƙwayoyin gado. A 1991 wani likitan tiyatar ƙwaƙwalwa a Amurka, Robert Martuza, da abokan aikinsa suka ɗauki bairus ɗin da ke fesa ƙuraje a leɓe bayan zazzaɓi, suka cire mata wani sashe da take buƙata kafin ta hayayyafa a sel ɗin da ba ya rabuwa. Sai ta zama ta fi sakewa a cikin sel masu rabuwa ba tsayawa, wato na kansa. Suka gwada a kan ɓeraye masu ƙarin ƙwaƙwalwa, ta yi aiki. Daga nan aka shiga sabon babi: maimakon a yi ta neman bairus mai hali nagari, sai a gyara mata hali.

To ta yaya abin ke aiki? Hanya biyu ce, kuma ta biyun ce ta fi jan hankalin masana yanzu.

Ta farko: sel mai lafiya in bairus ta shige shi, yana da yadda yake kwarmata ihu. Yana fitar da wani sinadari da ake kira intafiron, ya sanar da maƙwabta, ya kulle kayan aikinsa, in ta kama ma ya kashe kansa don kada cutar ta yaɗu. Da yawa daga cikin sel ɗin kansa kuwa, garin neman hayayyafa ba birki, sun lalata wannan tsari nasu. Sun zama gidan da ba ƙofa ba mai gadi. Bairus ɗin da aka raunana ba za ta iya da gida mai tsaro ba, amma a nan sai ta baje kolinta. Ta cika shi, ya fashe, 'ya'yanta su faɗa na kusa.

Ta biyu: ku tuna mun ce kansa ɗan gida ce. Ba ta tsaya nan ba, har wasu sinadarai take fitarwa da ke sa sojojin garkuwar jiki su yi lamo in sun zo kusa da ita. Amma da zarar bairus ta shiga ƙarin ta fara fasa shi, sai unguwa ta rikice. Sojoji su yi dafifi don kama baƙuwa. Da suka zo sai su tarar da tarkacen sel ɗin kansa a warwatse, da alamomin da a da suke ɓoye. Akwai wasu sel na garkuwa da aikinsu shi ne kwasar irin waɗannan alamomi su kai wa mayaƙa, kamar a ce ga hoton wanda ake nema. Mayaƙan da suka haddace hoton za su iya bin jini su farauto kansar a wani sashe na jiki da allura ba ta taɓa ba. Masana suna kiran wannan mayar da ƙari mai sanyi ya zama mai zafi. Wato babban aikin bairus ɗin tona asiri ne, kisan kuma garkuwar mutum ce ke ƙarasa shi.

Kuma wannan dabara ta tsokano garkuwa da ƙwayar cuta ba baƙuwa ba ce. Duba damtsenka, akwai yiwuwar ka ga tabon allurar BCG ta tarin fuka da aka yi maka kana jariri. Ita ba bairus ba ce, bakteriya ce da aka raunana, amma tun 1976 aka fara ɗura ta a mafitsarar masu kansar mafitsara ta matakin farko, har yau kuma ana yi.

Yauwa, yanzu mu zo kan lambobi, domin ba girin-girin ba, ta yi mai.

A 2005 ƙasar Sin ta amince da wani magani mai suna H101, wanda aka yi daga dangin bairus mai kawo mura, don kansar kai da wuya, a haɗe da allurar kemo. A watan Oktoban 2015 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da T-VEC, wanda kamfanin Amgen ke sayarwa da sunan Imlygic. An yi shi daga waccan bairus ta ƙurajen leɓe: aka cire mata ƙwayoyin gado biyu, aka dasa mata ɗaya na ɗan Adam mai fitar da sinadarin kiran sojojin garkuwa. Ana amfani da shi ne a kan wata muguwar kansar fata mai suna melanoma. Ku sani, a jikin baƙar fata wannan kansa ta fi fitowa a tafin ƙafa, tafin hannu ko ƙarƙashin farce. Ita ce ajalin mawaƙi Bob Marley a 1981, kuma daga ɗan yatsan ƙafa ta fara masa.

An gwada T-VEC a kan mutum 436, aka raba su gida biyu. A cikin waɗanda aka yi wa allurar, kimanin 16 cikin 100 ne ƙarinsu ya motse sosai ko ya ɓace, kuma ya zauna haka aƙalla wata 6. A ɗaya rukunin, 2 ne kawai cikin 100. An kuma ga wasu ƙarin da ba a yi wa allura ba sun motse, wanda ke nuna lallai garkuwa ta farka. Amma da aka duba tsawon rai, rukunin farko wata 23 ne a matsakaici, na biyu wata 19, kuma tazarar ba ta kai mizanin da masana ƙididdiga za su tabbatar cewa maganin ne ya kawo ta ba. Ci gaba ne na gaske, amma 16 cikin 100 ba kowa da kowa ba ne.

A kansar ƙwaƙwalwa mai suna giliyobilastoma, wadda tana cikin mafiya muni, Jami'ar Duke a Amurka ta yi amfani da ƙwayar rigakafin shan inna, bayan an musanya mata wani sashe da na bairus ɗin mura don kada ta taɓa jijiyoyi. I, shan innan nan da muka sha fama da ita, wadda sai a 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da nau'inta na daji. Sakamakon da aka fitar a 2018 kan mutum 61 ya nuna 21 cikin 100 suna raye bayan shekara 3, alhali a bayanan majinyatan baya 4 ne cikin 100. A Japan kuma, a 2021, aka ba maganin Delytact izini na wucin gadi, wanda Farfesa Tomoki Todo na Jami'ar Tokyo ya jagoranci samarwa. Gwajinsa mutum 19 ne, kimanin 84 cikin 100 suka kai shekara guda. Lambobin suna da daɗin ji, amma ku lura da ƙanƙantar adadin, kuma duka gwaje-gwajen biyu ba a raba majinyata gida biyu an kwatanta ba.

Akwai kuma labarin da ya karaɗe duniya a 2014. A asibitin Mayo da ke Amurka aka ɗura wa mata biyu masu kansar ɓargo ƙwayar rigakafin ƙyanda da aka gyara, adadin da zai isa a yi wa mutum miliyan 10 rigakafi. Ɗaya ta samu sauƙi mai ban mamaki. Ɗayar ta ɗan samu, ciwon ya dawo. Labarin ta farkon ne ya yi ta yawo.

Waɗanda ba sa yawo su ne labaran faɗuwa. A 2019 aka dakatar da wani babban gwaji na maganin Pexa-Vec a kan kansar hanta, saboda an ga ba zai kai ga ci ba. An kuma haɗa T-VEC da wani fitaccen maganin zaburar da garkuwa a kan mutum 692, ana sa ran haɗin zai yi abin a zo a gani, amma bai ƙara wa majinyatan tsawon rai fiye da maganin shi kaɗai ba. Sannan ga darasin ƙasar Latbiya. Tun 2004 aka yi wa wani maganin bairus mai suna Rigvir rajista a can, aka yi ta tallarsa, marasa lafiya daga ƙasashen waje suna zuwa da kuɗinsu, ba tare da ƙwaƙƙwaran gwaji ba. A 2019 hukuma ta auna, ta tarar bairus ɗin da ke cikin kwalaben bai kai abin da aka rubuta ba, aka janye shi daga kasuwa. Kun ga sayar da fata ga mai neman mafita ba a nan kaɗai ake yi ba.

Me ya sa abin ke da wuya haka? Na ɗaya, garkuwar da ake son tayarwa ita ce kuma ke kashe bairus ɗin. In aka ɗura ta a jini, jikin da ya taɓa saninta zai tare ta a hanya, hanta ma ta tace saura. Su waɗancan mata biyu na Mayo an zaɓe su ne saboda jininsu ba shi da kariyar ƙyanda sosai. Shi ya sa yawanci a cikin ƙarin ake soka allurar, ƙarin da ke can cikin ciki kuwa isa gare shi aiki ne. Na biyu, kansa ba cuta ɗaya ba ce, iri-iri ce, abin da ya yi wa ta fata ba lallai ya yi wa ta mama ba. Na uku, tana da nata illolin: zazzaɓi, rawar sanyi, kasala, kuma ba a yi wa mai juna biyu ko mai raunin garkuwa T-VEC. Na huɗu, kuɗi da ajiya. Lokacin da ya fito, kamfanin ya ƙiyasta kimanin dala 65,000 ga majinyaci ɗaya. Ku buga da canjin yau. Kuma sai an ajiye shi a sanyin da ya kai digiri 70 ƙasa da sifili. Ku tuna yanayin wutarmu.

To mu ina wannan ya shafe mu? Ni a ganina ta nan ne: alaƙar bairus da kansa tana da fuska biyu. Fuskar magani tana hannun masu bincike, tana tafiya a hankali. Ɗaya fuskar kuwa tana hannunmu yau ɗin nan. Akwai bairus ɗin da su ne ke haddasa kansa. A 2018 kimanin kashi 13 cikin 100 na kansar duniya ƙwayoyin cuta ne silarta, kuma a Afirka kudu da Sahara kason ya fi haka nesa ba kusa ba.

Kusan duk kansar bakin mahaifa bairus ɗin HPV ce ke kawo ta. A 2020 ta kama mata kimanin 12,000 a Najeriya, ta kashe kimanin 8,000. Tun ranar 24 ga Oktoba 2023 Najeriya ta sa rigakafinta cikin na yau da kullum, aka fara da 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, allura ɗaya, kyauta. A Ingila, inda aka fara tun 2008, bincike ya nuna kansar ta ragu da kashi 87 cikin 100 a tsakanin waɗanda aka ba damar yin allurar suna shekara 12 zuwa 13. Ku ajiye wannan 87 kusa da waccan 16.

Haka ciwon hanta nau'in B, wanda ke kan gaba wajen jawo kansar hanta a yankinmu. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kimanin 8 cikin kowane baligi 100 a Najeriya na ɗauke da shi, da yawa ba su ma sani ba. Rigakafinsa na cikin alluran jarirai, kuma ta farko an fi so a yi ta cikin awa 24 da haihuwa. A wurin da haihuwar gida ta yi yawa, wannan awa 24 tana wuce jarirai da dama. Mu manya kuma gwajin jini ne, in babu a yi rigakafi, in akwai a fara ganin likita.

Saboda haka in wani bidiyo ya sake zuwa da an gano maganin kansa, kafin ka tura wa rukunin 'yan uwa, yi masa tambaya uku. A kan wa aka gwada, ɓera ko mutum? Mutum nawa, kuma da wa aka kwatanta su? Wace irin kansa, kuma wace hukuma ta amince? Wanda ya ce maka yana da allura ɗaya mai maganin kowace kansa, ko da sunan bairus ya zo ko da sunan gargajiya, riƙe aljihunka.

In kuma akwai wani a gida da ke da ƙululu a mama, ko zubar jini ba lokacin al'ada ba, ko gyambon da ya ƙi warkewa, ko baƙin tabo a tafin ƙafa da ke ƙara faɗi, don Allah kada a zauna jiran sabon magani daga Amurka ko Japan. Tiyata da kemo da gashi, duk da wahalarsu da tsadarsu, su ne ke warkar da mutane a yanzu, kuma sun fi aiki in an je da wuri. Yawancin majinyatanmu sai ciwo ya ci jiki ake kai su asibiti, lokacin da ko wane magani ƙarfinsa ya ragu.

Ga ƙannenmu masu karanta ilimin ƙananan halittu ko haɗa magunguna, waɗanda ake yi wa dariya wai ba aikin yi a fannin: wannan fage naku ne. Waɗanda suka aika rahoton 1981 a nan suka yi aikinsu, da ido da biro da takarda.

Aikin wannan mako mai sauƙi ne. Ka tambaya a gida ko an yi wa ƙanwarka ko 'yar yayarka allurar HPV, in ba a yi ba a je asibitin sha-ka-tafi mafi kusa a tambaya. Kai kuma ka je ka yi gwajin hanta.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu na gida da na asibiti sauƙi, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Sai mun haɗu a shiri na gaba. Wassalamu alaikum.